Lomar da Ban Gani Ba

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma kada wani ya raina ni. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina masinja a wani ofishin gwamnati a Doka, ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma duk ilimin da ke cikin fayil ɗin nan ta hammata ya shige ni. Saboda haka in na zo bayanin likitanci nan gaba, a saurara da ladabi. In an ga kuskure, na hammatar ne.

A layinmu na Kawo har yau muna ciyayya. Wanda ya tashi a gidan da kowa ke ci shi kaɗai da cokali a gaban talabijin, bari in yi masa bayani. Bayan sallar magariba kowane magidanci za a fito da kwano daga gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan liman, a jera kwanukan, a buɗe ɗaya a taru a kansa, in ya ƙare a jawo na gaba. Mu huɗu ne na dindindin: liman, da wani Basakkwace tsohon direban babbar mota, da ni, da Bakano. Dokokin ba a rubuce suke ba, amma sun fi na ofis ƙarfi. Ka ci gabanka. Kada ka faɗi tuwon gidan wa ya fi daɗi ko ya fi muni. Babbar cikinsu kuwa, ba a kallon lomar mutum. Ba a bin hannunsa da ido daga kwano zuwa baki. Wanda ya yi haka, in ba maye ba ne to marowaci ne.

Bakano tela ne, shagonsa na bayan tasha, gidansa na kallon na liman. Ni Bazazzagi ne, kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Zazzau da Kano, wasa ne tun na kakanni. Shekara arba'in muna layi ɗaya ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, shi ma bai taɓa kiran nawa ba. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, har yau ba a yanke shari'ar ba. Ranar da mahaifiyata ta rasu ya zo ta'aziyya, ya zauna kusa da ni, ya yi addu'a doguwa, sannan ya matso ya raɗa mini cewa ai tsohuwa ta huta da kallon wannan fuskar. Duk gaisuwar da aka yi mini ranar, ita kaɗai na riƙe. Haka muke. Ba mu da wani harshen.

A farkon wata damina na lura ina ƙoshi fiye da da. Ita ce alamar farko, kuma a cikina ta bayyana, ba a nasa ba. Bakano a hannun damana yake zama, gabansa da gabana iyaka ɗaya. Da can kullum yaƙi ake a iyakar nan, in ya hango tsoka a ɓangarena sai ta yi hijira zuwa Kano. Kwatsam sai na ga ƙasarsa ba mai tsaro. In cinye nawa in shiga nasa, ba wanda zai ce kanzil. Na ɗauka tsufa ne ya sa ya gane ubangidansa.

Daga baya ne na san yadda yake yi. Zai gutsuri tuwo, ya daɗe yana mulmulawa, ya tsoma a miya, ya tsotse miyar, lomar kuwa ya sauke hannu ta bayansa ya sakar wa kyanwar gidan liman. Ni da kyanwar nan muka yi ƙiba a daminar. Wani lokaci ya tashi ya zaga bayan katanga, mu ji yana kakari yana tofarwa, mu ƙara sunkuyar da kai cikin kwano saboda ladabi. Ramar ma ba mu gani ba, don tela ne. Duk bayan kwana kaɗan sai ya hau keke ya rage wa rigunansa gefe, ya matse wa wandonsa ƙugu. Kullum kaya daidai jikinsa. Mutum yana ƙarewa a cikin riga, rigar tana binsa.

Sau ɗaya ya gaya mini. Mun tashi daga tabarma za mu shiga sallar isha'i, ya riƙo hannun rigata, ya ɗora yatsu biyu a tsakiyar ƙirjinsa.

"Bazazzagi, abinci na tsaya mini a nan. Ba ya wucewa."

"Ai dole," na ce. "Rowar Bakano ce ta kai ko cikinsa ba ya son bai wa. Tsayawa abincin yake yi ku yi ciniki."

Da ƙarfi na faɗa, don liman da Basakkwace su ji. Suka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya saki hannun rigata muka shiga sahu.

Na sha juya wannan maganar. In faɗi gaskiya ba ta yi mini zafi. Tana nan dai, kamar tsakuwa a takalmin ƙafar da ta sage. Na san tana ciki, ban jin ta.

Ya ce wa mutanen gidansa gyambon ciki ne. Ya sha maganin kemis, ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha zuma da man zaitun. Daga tuwo ya koma shinkafa, daga shinkafa ya koma kunu. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin gwamnati take aure a Unguwar Rimi, ita ta zo wata Asabar ta gan shi ya kurɓi ruwa, ruwan ya dawo. Ba ta yi shawara da kowa ba ta ce asibiti. Ya ce ba inda za shi sai in bawansa zai riƙe masa jaka. Ta zo har zaurena ta durƙusa ta ce, Baba, ka taimaka. Na ce mata aikina ne ɗaukar kaya, gwamnati ma ta shaida.

A asibiti aka zura masa wata doguwar roba mai fitila a kai, ta baki, aka leƙa. Aka tsinko ɗan nama aka kai gwaji, aka ɗauki hoton ciki. Ranar da sakamako ya fito mu uku muka shiga wurin likita, mace ce, ba za ta girmi 'yarsa ba. Ta jawo takarda ta zana mana. Ta ce ga hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro ya sauka ciki. Ta ce ciwon daji ne ya tsiro a jikin hanyar, ya kewaye ta, ya matse ta, abin da ya rage na fili kaɗan ne. Bakano ya leƙa zanen ya ce kafar allura ke nan. Ta ce kusan haka. Ta ce ya riga ya yi nisa, ya taɓa hanta, yanka ba zai yi amfani ba. Sannan ta tambayi tun yaushe abin ya fara.

Ya nuna ni da haɓa.

"Ki tambayi wannan. Shi ya ci ribar, shi zai san ranar da aka buɗe kasuwar."

Na ce tun farkon damina. A lokacin kuwa sabon gero ya riga ya tsufa a kasuwa. Ta rubuta. Na tsaya ina kallon bironta. Irin wanda muke rabawa ne a ofis, mai shuɗin murfi. Na tuna kwalinsa guda hamsin yake ɗauka. Abin da na yi ta tunani ke nan har ta gama rubutun.

Ba ta ɓoye mana ba, ta ce a cikin abin da ke hannunsu babu mai warkarwa. Abin da za a iya shi ne a buɗe hanyar, a kuma hana ta saurin rufewa. Magani uku ta lissafa, ta ce haɗa su za a yi, don kowanne shi kaɗai yana da inda ya gaza.

Na farko wani ɗan bututu ne da aka saƙa da siririyar waya kamar raga. A naɗe ake zura shi, in ya kai wurin matsin sai ya buɗe ya tokare bangon hanyar. Shi aikinsa nan take ne, kwana ɗaya biyu mutum ya fara haɗiya. Sai dai bai taɓa ciwon ba, ture shi kawai ya yi, kuma ciwon na iya tsirowa ta samansa ko ta ƙasansa. Na biyu gashi ne, da wata na'ura mai hasken da ido ba ya gani, tana ƙona tsiron ya motse. Shi kuma nawa gare shi, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, kafin nan ma yakan ƙara zafin haɗiya, amma in ya kama ya fi daɗewa. Na uku maganin ƙarin ruwa ne da suke kira kemo, yana bin jini yana bin ciwon duk inda ya je, yana kuma wahalar da mai shi. Ta ce ɗaya zai riƙe kafin ɗaya ya iso.

Ni nan take na gane. Na ce fayil ne mai neman sa hannu uku, kowane oga shi kaɗai ba ya fitar da komai. Bakano ya ce in yi shiru, ba fayil ba ne, ɗinki ne: a kama da fil, a bi da keke, a yi guga. Likita ta ce dukkanmu mun ci jarrabawa.

Akwai na huɗu, shi 'yar ta fi so. A huda ciki ta gefe a sa roba, a riƙa zuba masa abinci mai ruwa da sirinji, ba sai ya bi ta wuya ba. Ta ce ko ba komai an tabbata wani abu na shiga jikinsa. Likita ma ta ce da yawa ana haɗawa da shi. Bakano ya daɗe yana kallon zanen.

"Likita, in an sa mini wannan, da me zan je ciyayya? In kai musu cikina su zuba?"

'Yar ta ce, Baba, ana maganar ranka kana maganar tabarma.

"Rai yana hannun Mai shi, ba shi na zo nema ba. Loma nake so. In zauna a tabarmar nan in ci tuwo da hannuna ko sau ɗaya, wannan Bazazzagin ya daina cinye mini gado ina raye."

Likita ta ce ba za ta yi alkawarin tuwo ba, amma mai laushi, wataƙila. Ta ce robar ciki tana nan in an buƙace ta. 'Yar ta tashi ta fita baranda. Ni ina riƙe da jaka. A cikinta akwai buta ƙarama, da darduma, da kofin roba da yake tofa yawu a ciki, don a lokacin ko yawunsa ba kullum yake wucewa ba.

Aka sa bututun. Kwana biyu yana dafe ƙirji, ya ce kamar ya haɗiye ƙarfen lema aka buɗe ta a ciki. A rana ta uku ya sha kunu kofi guda cif, bai dawo ba. 'Yarsa ta yi kuka, maiɗakinsa ta yi ta hamdala tana shafa fuska. Ni ina tsaye bakin ƙofa ina kallo kamar wanda ya leƙa talabijin ɗin maƙwabta ta taga. Aka ba mu takardar dokoki, aka damƙa mini don ni ne mai ilimin takarda. Ya zauna a miƙe in zai ci. Loma ƙarama, tauna mai yawa, miya mai yawa, kurɓin ruwa a tsakani. Ba tsokar nama, ba burodi. Kada ya kwanta bayan ci, in zai yi barci a ɗaga masa kai da matasai, don bututun ba shi da murfi, ƙwannafi zai taso. In wani abu ya maƙale a ba shi lemon kwalba mai gas ya kurɓa. Na haddace ta tsaf. Ban taɓa haddace takarda haka ba, har da ta fanshona.

Gashin a wani asibiti ne a wajen gari. Da sassafe 'yar za ta zo da mota, mu fita ta gaban tasha, mu bar masu lodi suna kiran fasinja. Ranar farko suka auna masa ƙirji suka yi masa alama da tawada, suka ce kada ya wanke. Ya fito yana nuna mini, ya ce ƙarshen tela ke nan, yau shi aka shata za a yanka. Gashin kansa ba ya daɗewa. Ya shiga, a rufe wata ƙofa mai kauri, kafin in gama jan carbi sau biyu ya fito kamar ba a yi komai ba. Nakan tambaye shi ko an gasa shi, ya ce saura yaji da albasa. A mako na biyu ya daina cewa haka. Wuyan ya kama zafi, kunun da muka yi murna da shi ya koma sai da dabara, cokali cokali. 'Yar ta sake tayar da maganar robar ciki. Ya girgiza kai kawai.

Kemo kuma a kujera ake yi, awa da awanni, ruwa na ɗiga. Nakan ƙirga ɗigon, in ɓata, in sake daga farko. Bayan kowane zama sai amai, sai kwanciya. Ɗanɗano ya ɗauke masa, ya ce komai kwali ne. Yatsunsa suka riƙa yi masa kamar ana tsira musu allura, har zare ya gagare shi zurawa a allura, aka rufe shagon. A nan ne na fara yin abin da ban taɓa yi ba. Ya yi tari in ce sannu. Ya motsa in ce sannu. Wata rana ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Kai ma?"

"Ni ma me?"

"In ka ƙara ce mini sannu, ka ajiye jakar nan ka koma gida. Masu sannu sun yi mini yawa. Bawa nake nema."

Na koma zolaya. Sai dai tana fitowa kamar ina karanta wasiƙar ofis a gaban oga, kalmomin daidai, ba kowa a ciki. Ya karɓa a haka. Wanda bai samu tuwo ba ai ya sha kunu.

Duk tsawon lokacin nan ciyayya ba ta tsaya ba. Mu uku muke zama, kuma kullum kwanon gidansa na fitowa kamar yana nan. Hannun damana fili. Ina ci yadda na saba ci, in an tambaye ni miyar me aka yi ba zan iya faɗa ba.

Bayan an gama gashi da 'yan makonni, zafin ya fara lafawa. Kunu ya koma wucewa ba dabara. Sai fate mai ruwa, sai dankali da aka dama. Aka sake ɗaukar hoto, likita ta ce tsiron wuyan ya motse, bututu na nan inda aka sa shi, na hanta kuwa yana nan yadda yake ko ya ɗan fi. Shi Bakano rabin farko kaɗai ya ji. Ya tambaye ta tuwo fa. Ta dube ni ta ce in maimaita mata dokokin, na zuba mata su ba gargada. Ta ce to, mai laushi, loma kamar ƙwallon dabino. A mota ya sanar cewa ranar Juma'a zai fito.

Labari ya zaga layi. Ranar Juma'ar kowane gida abincin majinyaci ya dafa: wannan kunun gyaɗa, wancan romo da aka tace, gidan liman fate kamar ruwa. Maiɗakina ta tambaye ni me za ta yi, na ce tuwon shinkafa, ta tuƙa shi da laushi, da miyar ɗanyar kuɓewa mai yauƙi. Mutanen da ba su taɓa zama ciyayya ba ranar suka zo, har aka ƙaro tabarma. Ya fito daga gida a hankali, ya tsallako layi ba tare da an riƙe shi ba. Rigar jikinsa tun ta kafin a rufe shago ce, ba wanda ya rage mata. Ranar muka fara ganin ainihin abin da ya saura na mutumin. Maiɗakinsa da 'yarsa suna tsaye daga cikin ƙofar gidansu, an ɗan ɗaga labule.

Ya zauna a damana, a miƙe, bayansa a jikin bango. Ya wuce kunu, ya wuce romo, ya nuna kwanon gidana. Aka buɗe. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsura kamar yadda aka ce, ya mulmula, ya tsoma a miya, ya ɗaga.

Kowa yana kallonsa. Baƙin, da Basakkwace, har liman da ya koya wa rabinmu dokar, bakinsa a ɗan buɗe, nasa hannun a tsaye cikin kwano. Ba mugunta ba ce, addu'a ce a idon kowa. Amma ido ne. Lomar ta tsaya a iska. Na ga maƙogwaronsa ya motsa ba komai a ciki. Ya sauke hannu. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kyanwar liman ta zagayo ta bayansa ta zauna a inda ta saba. Ya waiga ya dube ta. Na san abin da zai yi, sai ya sakar mata, ya ce alhamdu lillahi, ya koma gida, kuma ba zai sake fitowa ba.

Na miƙa hannu na tsallaka iyaka na ɗauke tsoka ɗaya tak da ke ɓangarensa na jefa a baki. Sannan na juya masa baya gaba ɗaya, na fuskanci Basakkwace, na ce dama akwai maganar da na daɗe ina son in faɗa a gaban jama'a. Na ce shekara da shekaru yana cika mana kunne wai ya taɓa tuƙo tirela daga Legas zuwa Sakkwato bai tsaya ba, to ni na binciko a ofis, ko lasin tuƙi bai taɓa mallaka ba.

"Mi kac ce?" Basakkwace ya zabura. "Wanga tsoho ya haukace! Ni ab ba ni da lasin?"

Na ce ko na keke. Na ce amalanke ya tura, shi ma ya jefa ta a kwalbati. Ya miƙe tsaye yana lalube aljihu, ya zaro wata tsohuwar jakar fata, ya shiga baje takardu a kan tabarma yana rantsuwa. Baƙi suka juya. Liman ya shiga tsakani yana ku ji tsoron Allah, ana cin abinci. Na ce hoton da ke jikin lasin ɗin ba nasa ba ne, wannan mutumin yana da haƙora. Wani ya karɓa ya haska da waya, kowa ya miƙa wuya.

Ina cikin haka na ji gwiwar hannu ta gogi haƙarƙarina ta dama. Ta tafi sama, ta daɗe, ta sauko. Na ji kurɓin ruwa. Na ƙara ɗaga murya. Ta sake tafiya. Na tono maganar wata taya da Basakkwace ya ce zaki ne ya fasa masa ita a daji. Ta tafi ta uku. Ban waiga ba. Wuyana har ya ƙage, ban waiga ba.

Da ƙura ta lafa, Basakkwace ya zauna yana huci yana tattara takardunsa, na juyo. A ɓangaren Bakano akwai rami a jikin tuwon, faɗin yatsu uku. Kyanwa na zaune ba komai a gabanta. Ya yi wata 'yar gyatsa ƙarama, ya lashe yatsa.

"Alhamdu lillahi. Bazazzagi, ka gaya wa maiɗakinka tuwon nan da gudaji. Kuma ka dawo mini da namana."

"Na cinye."

"Ban yafe ba."

"Likita ta hana ka."

"Ta hana ni ci. Ba ta ba ka ba."

Ya karya dokar aibata tuwon gidan wani, a gaban liman, liman ya ƙyale shi. Aka jawo kwano na gaba.

Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, muka koma mu huɗu, ba wanda ya sake kallonsa. Ya yi makonni yana fitowa. Wata rana ya ci, wata rana kyanwa ta ci, ba na tambaya. Sau ɗaya ya maƙale, na miƙa masa lemon da nake ajiyewa a aljihu ba tare da na dube shi ba, ya kurɓa ya kurɓa har ya wuce. Sannan idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa, ƙafafu suka kumbura, tsallaka layin ya zama tafiya. Likita ta ce kemo ya isa haka, jikin ba zai ƙara ɗauka ba. Da ci ya gagara gaba ɗaya, 'yar ta sake durƙusawa a gabansa da maganar robar ciki. Wannan karon ya ce to. Ya ce shi ya ci nasa, yanzu su zuba nasu.

Da hantsi ya rasu, wata Talata. Ina wurin wanzami aka zo aka gaya mini, an aske rabin kai. Na ce ya ƙarasa. Aka yi wanka, aka yi salla, na kama makara ta dama, aka kai shi, aka dawo. Mutane suka yi ta cewa wane akwai tawakkali, ko hawaye. Na bar su a haka. Ba tawakkali ba ne. Na laluba ne ban tarar da komai ba, kamar fayil ɗin da aka kai maka ka buɗe ka ga bango biyu.

Bayan kwana arba'in 'yar ta zo gaishe ni. Za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce, Baba, ranar nan daga nesa muke, mutane sun tare mana. Da gaske ya ci? Na ce loma uku. Ta ce ka gani da idonka? Na ce ba a kallon lomar mutum, 'yata. A haƙarƙarina na ji.

Yanzu ni ne mai karya dokar. Ina ci ina satar kallon wuyan liman da na Basakkwace, in ga ko yana wucewa. Basakkwace ya kama ni sau biyu, ya ce dama ya daɗe yana zargin ni maye ne, kuma har yau bai yafe maganar lasin ba. Na ce ya kai ƙara.

Kwanon gidan Bakano bai daina fitowa ba, maiɗakinsa ta ce muddin tana tuƙa tuwo zai fito. In an buɗe nakan ci gabana in tsaya a iyaka. Tsokar da ta faɗo ta dama nan take zama, ba mai ɗauka. In mun tashi salla kyanwa ta zo.